Sandar Fiffiken da Ubbo Bai Yanka Ba

Ubbo Saathoff ya girmi ƙaninsa Remmer da shekara shida, kuma duk wanda ya zauna da shi na rabin sa'a sai ya ji wannan daga bakinsa. A danginmu labarinsa iri biyu ne. 'Ya'yan Remmer sukan gajarta shi, su ce kuskure aka yi a wurin aiki, Allah ya tsare. Mu jikokin Ubbo da tsawonsa muka ji shi, domin shi da kansa ya riƙa ba da shi bayan ya tsufa, kuma bai taɓa yi wa kansa kwaskwarima a ciki ba.

Mahaifinsu mai kamun jatan lande ne a gaɓar tekun arewacin Jamus. Ya rasu Ubbo yana ɗan shekara goma sha biyar. Ubbo ya ajiye makaranta ya shiga garejin gyaran injin jiragen ruwa don a ci abinci a gida, Remmer kuma ya ci gaba da zuwa aji. Bayan wasu shekaru Ubbo ya koma ƙaramin filin jirgin sama da ke bayan ganuwar da ke tare ruwan teku, inda wani kamfani yake da jirage uku masu kai mutane da wasiƙu da magani da burodi zuwa wani tsibiri da ke kusa. Tafiyar minti bakwai ce ta sama. Ta ruwa kuwa sai an jira ruwa ya cika, in ƙanƙara ta toshe hanya a yi kwana huɗu babu fito.

Hannun Ubbo hannu ne. Yakan tsaya a bakin rumfar jirage, injin yana kuka daga can ƙarshen fili, ya ce filogi na uku ne, a buɗe a tarar haka ne. Shi ya fara koya wa Remmer riƙe sifana, a kan tsohon keken mahaifinsu. Amma Remmer ya tafi Hamburg ya yi karatu, ya dawo da takardar shaida da kuma hatimi, ɗan abu kamar babban yatsa, mai lamba goma sha huɗu, yana ɗaure da zare a aljihun ƙirjinsa. Ubbo ya zauna wannan jarrabawa sau uku. Abin da hannunsa ya sani ya ƙi hawa takarda, ga rabin littattafan da Ingilishi. Bayan faɗuwa ta uku kamfani ya ba shi makullin sito a kan aikinsa na gyara, aka ce masa ƙarin girma ne.

Dokar wurin ita ce babu aikin da ya ƙare sai an buga masa hatimi. Ubbo zai yi sa'a shida kwance a kan siminti mai sanyi, ya tashi bayansa ya ƙage. Sai Remmer ya zo da tocila da ɗan madubi mai dogon hannu, ya leƙa nan ya leƙa can na minti goma, ya huci hatimin, ya danna a littafin jirgi. Matuƙa su ce, mun gode, Remmer. Ba su taɓa nufin kowa da sharri ba, sunan da ke kan takarda suke gode wa.

Akwai kuma wata al'ada da Remmer ya ɗora wa kansa. Duk lokacin da aka yi wa jirgi babban aiki, shi ne zai zauna kusa da matuƙi a tashin farko. Mutanen tsibiri suna sonsa saboda wannan, har mai gidan burodi yakan ajiye masa nasa daban. Ubbo yakan ce wa matarsa Talea, mutum ya hau kan aikinka ya zauna, a ce shi ne jarumi. Talea takan ce ya wanke hannu abinci zai huce.

Ranar Lahadi duk su biyun sukan je shayi gidan mahaifiyarsu. Tsohuwar za ta jefa dunƙulen sukari a kowane kofi, ta zuba shayin a kai har ya yi ƙara, ta ɗiga kirim a gefe. Sannan ta juya wajen Remmer ta tambayi jirage, ko gaskiya ne iska ta tilasta aka sauka a ciyawa, me hukuma ta ce. In ta gama sai ta waiwayo ta tambayi Ubbo ko ya duba mata indararon bayan gida. Yakan duba. Shekara ashirin yana duba mata indararo.

A kusurwar sito akwai keji na waya mai kwaɗo. Duk kayan da Remmer ya ce sun gama aiki, ana ɗaura musu jan kati a kulle su a nan, kuma ba sa fita a yadda suke. Akwai masu yawo da mota filin jirgi zuwa filin jirgi suna sayen tarkace, su wanke, su yi fenti, su haɗa da takardar ƙarya, abin ya je ya hau jirgin wani a wata ƙasa. Don haka kowace Juma'a da safe Ubbo yakan fito da abin da ke keji ya yanka da zarto gida uku, Hilke ta ofis tana tsaye da takardarta a matsayin shaida. Ba aikin da ya tsana kamarsa. Mutum ne da ya taso a gidan da ake miƙe lanƙwasasshiyar ƙusa a sake bugawa. Yakan ce Remmer ne alƙali, shi ne hauni.

A watan Oktoba na 1988 aka shigo da mafi tsufa a jiragen uku don dubawar shekara. Agwagwa suke ce mata, saboda yadda take rangaji a kan ciyawa. Mai kujera huɗu ce, fiffikenta a sama, kuma kowane fiffike yana da sandar ƙarfe mai rami a ciki wadda ta haɗa shi da ƙasan jikin jirgi, ɗaya hagu ɗaya dama. A sama, nauyin jirgin duka a kansu yake. Iskar gishiri takan shiga ramin, raɓa ta taru a ƙasa, tsatsa ta ci daga ciki alhali waje yana ƙyalli. Ana gwada su da wani tsinken ƙarfe mai sifirin: a danna a gindin sandar, in ƙarfen ya lotsa, to ta gama.

Remmer ya danna ta dama, ta lotsa, kowa ya gani. Ya danna ta hagu, ya sa tocila, ya daɗe yana kallo, ya shafa da yatsa, sannan ya zaro jan kati biyu. Ubbo ya ce ta dama ba musu, amma ta hagu fenti ne kawai ya ɗan nutse, ko farce zai yi wannan. Ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa sandar daga sama har ƙasa, kunnensa a jikinta, ya ce a saurara, ƙarfen da ya ruɓe ba ya amsawa haka. Onno matuƙin Agwagwa yana zaune a kan taya yana cin burodi da cuku.

Remmer bai ɗago ba, yana ɗaura katin ya ce, "Yaya, kunnenka ba ya cikin littafi."

Onno ya yi dariya har ya ƙware. Remmer bai ma san ya faɗi wani abu ba, ya wuce ofis ya yi odar sababbi. Ubbo kuwa ya tafi gida da maganar, ya ci abinci da ita, ya wayi gari tana nan.

Kwana biyu bayan haka ya buɗe keji da makullinsa, ya naɗe sandar hagu a tamfol, ya ɗaura a rufin motarsa ya kai ta rumfar bayan gida. Yamma uku ya yi a kanta. Ya kankare tsohon fenti har ƙarfe ya fito fari, ya cike ɗan lotsin, ya goge har yatsa ba ya jin komai, ya haɗa launi daidai da na masana'anta. Da Talea ta leƙo ta tambaya, ya ce turken igiyar shanya yake yi mata. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin turken shanya da ake yi wa fenti shafi uku ba, ta koma ciki.

Niyyarsa ƙarama ce, ko haka ya gaya wa kansa. Irin waɗannan sanduna ba su da lambar kansu, lambar iri kawai, kuma sababbin za su zo a akwati ɗaya da takarda ɗaya. Zai sa tasa a akwatin. Remmer zai ɗauka ya duba ya yaba. A nan zai ce masa, wannan ita ce wadda ka yanke wa hukunci, ina idon naka? Daga nan a fito da sabuwar a ɗaura, shi ke nan. Sau ɗaya kawai yake so ya ga fuskar ƙaninsa lokacin da maganar yaya ta fi tasa nauyi.

Akwatin ya iso ranar Juma'a da yamma. Ubbo ya karɓa, domin aikinsa ne. Ya zare sabuwar ta hagu ya hau tsani ya kwantar da ita a kan katakon rufin sito, ya sa tasa a gurbinta, ya mayar da takardar mai da aka naɗe ta da ita.

Ranar Litinin Remmer ya buɗe akwatin, ya karanta takarda, ya duba lambar iri, ya ɗago sandar hagu ya bi ta da ido daga kai zuwa gindi. Ya ce wa Ubbo ya zo ya ga aikin masana'anta, irin wannan fenti ba a samunsa da hannu. Ubbo ya buɗe baki. Sai ya lura su biyu ne kaɗai a rumfar. Onno ya ji wancan zance, ya kamata ya ji wannan. Ya rufe baki ya miƙa noti.

Da Onno ya shigo wajen sha ɗaya, sandar ta riga ta hau, Ubbo da hannunsa ya ɗaure ta. Ya ce a ransa, bari ya buga hatimi tukuna, in ba haka ba zai ce ai bai gama dubawa ba. Remmer ya zagaya da madubinsa, ya huci hatimin, ya danna. Ubbo ya ce a ransa, yanzu in na faɗa zai ce to ai ba ta tashi ba, a ƙasa kowace sanda sanda ce. Aka turo Agwagwa waje. Remmer ya hau ya zauna kusa da Onno, ya ɗaure ɗamara, ya ɗaga wa yayansa hannu ta taga. Ubbo ya sunkuya ya janye katakon da ke tare taya.

A nan ne masu sauraro sukan so ya ce gabansa ya faɗi. Bai taɓa cewa ba. Ya ce ko kaɗan bai ji tsoro ba, ya amince da kunnensa fiye da yadda ya amince da ƙasar da yake tsaye a kai. Abin da ya ji, yana kallon jirgin yana ƙetare ganuwa ɗauke da ɗan'uwansa, daɗi ne. Hatimi mai lamba goma sha huɗu yana can sama a aljihun mai shi, kuma abin da ke riƙe da shi sandar da ya ce a yanka ce.

Jirgin ya dawo lafiya. Remmer ya sauko ya ce tana tafiya kamar sabuwa. Ubbo ya ce madalla.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a haka, kuma ya ce bai taɓa jin daɗin aiki kamar su ba. Agwagwa tana zuwa tsibiri sau biyar, sau shida a rana. Duk tashinta yakan fito bakin rumfa da tsumma a hannu ya raka ta da ido, duk saukarta ya ƙara ɗaya a ransa. Da farko ya ce in ta yi sawu ashirin zai faɗa. Da ta yi, ya ga hamsin ta fi daɗin faɗa. Ya fara yin fito da baki yana aiki, abin da ba a san shi da shi ba. Ranar Lahadi a gidan tsohuwa shi ya miƙa wa Remmer farantin kek, ya zauna yana sauraron yadda ake tambayar jirage, yana murmushi cikin kofinsa. A hanyar gida Talea ta ce masa tun da ta aure shi fushinsa bai taɓa ba ta tsoro ba, amma wannan fara'ar ba ta kwanta mata ba. Ya ce mata mutum ba zai yi farin ciki ba sai da takarda?

Matsalarsa ɗaya ce, Juma'a. Takardar Hilke ta ce sanduna biyu, keji kuma yana da ɗaya. Juma'ar farko ya ce bakin zarton ya dakushe. Juma'a ta biyu, ƙarfe sha ɗaya saura, Hilke ta shigo sito da sabon bakin zarto a hannu, ta ce ta sayo da kanta don kada ya wahala, kuma ba za ta kai wannan takardar mako na uku ba ko da da haƙori zai yanka.

Ya fito da sandar dama ya matse ta a kan benci. Ya fara daga sama. Zarto ya yi ta kuka, ya sha gumi kafin ya raba ta, bakin yankan ya fito fari tas, kauri cikakke. Ya ɗaga guntun ya nuna wa Hilke, ya ce ta ga irin abin da ake zubarwa a wurin nan, kuma wannan ma ita ce mai laifin. Hilke ta ce ita ba ƙarfe ta karanta ba, gida uku aka ce.

Ya koma gindi, tazarar tafin hannu daga ƙarshe. Ja biyu ya yi, zarton ya faɗa ciki kamar ya sami burodi. Wani baƙin ruwa ya tsiyayo a kan takalminsa, bayansa tsatsa ta zubo ɓarɓashi-ɓarɓashi kamar ganyen shayin da aka tace. Ya sa babban yatsa a bakin yankan ya danna kaɗan, ƙarfen ya ruguje.

Ya tsaya yana kallon yatsansa. Sandunan nan rana ɗaya aka ɗaura su, shekara goma sha tara suna shan iska ɗaya. Kuma ya tuna abin da ya ƙi tunawa. Ranar da ya sauke ta hagu daga rufin mota, da ya karkata ta, ya ji wani ɗan motsi a ciki kamar yashi yana gangara. Ya ce wa kansa busasshen mai ne. Kunnen da yake taƙama da shi ya ji, shi ne ya hana shi magana.

Hilke ta ja alama a takardarta ta ce, "Ɗaya. Ina ɗayar?"

Agwagwa tana tsibiri. Sha ɗaya da minti ashirin za ta taso da mutum uku, malamar makaranta da wasu tsofaffin ma'aurata masu zuwa ganin likita, kuma tun safe iskar yamma take ƙaruwa. Agogon sito ya nuna sha ɗaya da kwata.

Ubbo ya yar da zarton. Ya fita da gudu ya shiga ɗakin rediyo da ke jikin ofis, ya fizgi abin magana ya kira Onno. Muryar Onno ta zo tare da ƙarar inji, ya ce a'a, yau hauni ne da kansa a rediyo, wa za a yanka? Ubbo ya ce kada ya tashi, ya kashe injin ya sauke mutane.

"Fasinjana sun ɗaure, Ubbo, iska kuma ba jirana take ba. Wa ya ce? Remmer?"

"Ni na ce."

"To, kai ka ce. Ba ni Remmer."

Ubbo ya ce sandar hagu tsohuwar ce, wadda aka sa wa jan kati. Onno ya yi dariya, ya ce da idonsa ya ga akwatin da ta fito, in wasa ne a bari sai ya sauko a yi shi da shayi. Ya ƙara da cewa littafin jirgi yana gabansa da hatimi a ciki, shi kuma da hatimi yake tashi, ba da jin wani ba. Hilke tana tsaye a bakin ƙofa, takardar a ƙirjinta, ta ji komai.

Remmer yana rumfa, kwance a ƙarƙashin wani jirgin, ƙafafunsa kawai ake gani. Ubbo ya kama ƙafa ɗaya ya ja. Shekara da shekaru yana shirya yadda zai tsaya a kan ƙaninsa ya faɗi magana, ga shi kuwa yana tsaye a kansa. Ya ce sandar hagun Agwagwa tsohuwar ce, shi ya yi mata fenti ya sa a akwati, sabuwar tana rufin sito, Onno ya ƙi jin tasa. Remmer bai tambayi dalili ba. Ya kalli fuskarsa, ya kalli tsatsar da ke yatsansa, ya tashi ya ruga.

"Onno, Remmer ne. Kashe injin."

"To," in ji Onno. Ƙarar ta ɗauke daga rediyon.

Ubbo ya ce a duk abin da ya biyo baya, kora da kotu da kallon mutane, babu wanda ya yi masa ciwo kamar wannan "to". Mutum huɗu sun tsira a gabansa, ya ji sauƙi, amma a ƙarƙashin sauƙin ga tsohon abin nan yana cizonsa: shi ya yi magana huɗu an yi dariya, wancan ya yi ɗaya an kashe inji.

Remmer ya ajiye abin magana ya ce wa Hilke ta kira tsibiri a nema wa fasinjojin wuri a jirgin fito. Ubbo ya tsaya yana jiran mari, ko zagi, ko a kira sunan mahaifinsu. Remmer ya tambaye shi ina tsani yake. Suka sauko da sabuwar sandar daga rufi, suka kai ta tashar fito da azahar, ɗaya a gaba ɗaya a baya, tana kan kafaɗunsu, mutane suna matsawa suna ba su hanya. A bakin gadar shiga jirgin fiton Remmer ya kira wani ma'aikacin jirgin ya karɓi ɓangaren Ubbo. Ya ce, "Ka tsaya nan, Yaya." Iyakar abin da ya ce ke nan a kan zancen, ran nan da bayanta.

Mutumin hukuma ya zo ranar Talata. A gabansa aka yanka sandar hagu, ba Ubbo ya riƙe zarton ba. A ƙarƙashin fenti shafi uku, gindinta ya rage kamar ɓawon ƙwai. Mutumin ya juya guntun a hannunsa, ya yaba fentin, ya ce za ta iya kai shekara, za ta iya karyewa a iskar ranar Juma'ar nan, ba wanda zai iya cewa. Sawu sittin da biyu ta yi a kan jirgin. Ubbo ne kaɗai ya san adadin ba tare da ya duba littafi ba.

Remmer da kansa ya rubuta rahoton. Ya fara da nasa: cewa ya karɓi kaya daga akwatin da aka riga aka buɗe, bai tambaya ba, bai gwada ba, ya buga hatimi a kan abin da idonsa kawai ya gani. Na Ubbo ya zo a shafi na biyu, cikin layi huɗu, ba ƙari ba ragi. Aka karɓe hatimin Remmer na wata takwas. Aka sallami Ubbo, aka hana shi taɓa jirgin sama har abada, kotu ta yi masa ɗaurin talala. Garin ya cika da yabon Remmer, yadda ya ɗauki laifi bai ɓuya a bayan ɗan'uwansa ba, yadda ya ci gaba da gaishe shi a coci. Ubbo ya karanta kwafin rahoton a teburin kicin, ya ture shi, ya ce wa Talea ko laifin ma sai da ya sa sunansa a sama. Talea ta ce in da mutanen nan huɗu sun faɗa lakar teku, da sunansa ne zai zo farko, ya gode wa Allah ya yi shiru. Wata uku ba ta ƙara yi masa magana mai tsawon wannan ba.

Da bazara ya kama wani ɗan shago kusa da tashar fito ya buɗe gyaran keke. Masu zuwa tsibiri hutu suna barin motocinsu a gaɓa su hau keke, aiki bai taɓa yankewa ba. Shekara ashirin da ɗaya ya yi a nan, kuma har yau akwai tsofaffin da ke cewa ba a sake mai ɗaure wayoyin ƙafar keke kamarsa ba. Ya daina ɗaga kai in jirgi ya wuce. Amma yana jin injin, wani lokaci ya ce wa wanda ke kusa, ba tare da ya bar abin da yake yi ba, wancan yana bukatar a duba shi.

Kowace shekara, makon farko na Afrilu, Remmer yakan turo baƙin kekensa shagon. Ba ya aiko kowa. Zai zauna a kan akwati ya jira, su yi zancen ruwa da farashin kabeji da ciwon gwiwa. In Ubbo ya gama, Remmer zai miƙe ya ce, "Yaya, ya hawu?" Ya tsaya sai an amsa masa. Ubbo zai ce ya hawu. Remmer ya yi godiya, ya tura keken ya fita.

Shekarun farko Ubbo ya ɗauka tausayi ne, ya ji haushin tausayin. Daga baya ya fara tunanin ko da gaske ne, har ya soma jiran Afrilu. Sai wata shekara ya bi Remmer da hular da ya manta a kan akwati. Da ya sha kwanar gidan magani, ya hango Remmer a tsugune gefen titi, tsoho mai furfura, ya zaro ƙaramin sifana daga aljihu yana bin notin keken ɗaya bayan ɗaya. Ya gama ya matse burkin gaba, ya matse na baya, ya jijjiga kan keken, sannan ya hau.

Ubbo ya koma shago da hular a hannu. Ya ce ya zauna ya daɗe yana neman abin da zai ji haushi a kai, bai samu ba, domin in shi ne a wurin Remmer haka zai yi. Afrilun da ya biyo Remmer ya turo keken, ya yi tambayarsa, Ubbo ya amsa. Da ya fita, Ubbo ya matsa jikin taga ya duba agogo. Minti huɗu Remmer ya ɗauka kafin ya ɓullo ta ɗaya gefen a kan keke.

"Minti huɗu," ya ce mana, yana ɗan shekara tamanin da ɗaya, Remmer ya shekara biyu a kabari. "Aikin da na yi sa'a biyu a kai. Kuma ko sau ɗaya bai sami noti a kwance ba, amma ka ji ya taɓa dawowa ya faɗa?"